Hayaƙin Gidan Maƙwabci

 

Disamba ta kama, kuma duk wanda ya yi shekara biyu uku a Inugu ya san abin da watan nan yake zuwa da shi. Masu gari suna dawowa gida daga Legas da Fatakwal, daga Kano da Kaduna, wasu daga Turai da Amurka. Auren da aka ɗaga, jana'izar da aka jinkirta gawa tana ɗakin sanyi wata da watanni, taron dangi, taron 'yan ƙauye ɗaya, duk a watan nan ake zuba su. Mu kuma kasuwarmu ce ta buɗe. Masu shanu a Ugwuoba da Gariki, masu awaki, masu albasa da tattasai da attaruhu, masu gawayi, masu tukuba, kowa yana fatan ya fanshe abin da shekara ta ci masa. Alhamdu lillahi.

Amma akwai wata safiya da yawancinmu muka sani a watan nan. Ka fito alwalar Asuba sai ka ji ƙara daga bayan katanga, ƙara mai tsini, ba ta akuya ba, ba ta sa ba. Kafin ka dawo daga masallaci an tafasa ruwa a rabin duro an kwara wa dabbar, samari sun duƙa suna kankare gashin da wuƙa, a wani gidan kuma babbaka ake yi. Ba a fiɗe shi kamar rago, da fatarsa ake sassara shi. Zuwa hantsi an kafa murhu a fili, an ɗora manyan tukwanen ƙarfe na haya, mata suna zuba albasa da attaruhu da ganyayensu na ƙamshi. Wani kaso a yi farfesu, wani a soya shi cikin kitsensa, wani a gasa a kan waya. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an sauke bammi a jarkoki. Iskar hunturu kuwa ba ruwanta da katanga. Hayaƙin ya ƙetaro, ya bi ta kan shanyar uwargida, ya shiga ɗaki, ya sami yara suna karin kumallo.

A kan wannan ne tambayoyi suka taru a wurin kwamitin masallaci cikin makonnin nan. Wani yana tambayar ko rigar da hayaƙin ya bugi za a yi salla da ita. Wani mai gidan da yake haya ne ya gayyace shi jana'izar mahaifiyarsa. Wani kuɗin aiki aka ba shi ya je ya yi gashi a wurin biki. Wani kuma ba tambaya ya kawo ba, fushi ya kawo, yana cewa a tashi a je a yi musu magana.

Maganar ci dai ba ta da tsawo. Alƙur'ani ya haramta naman alade a wuri huɗu: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Yanka ba ya halatta shi, ko wa ya riƙe wuƙar, ko me ya ambata. Halaccin abincin Ma'abota Littafi da ya zo a aya ta 5 ta Ma'ida bai haɗa da shi ba. Lalurar da aka yi rangwame a kanta kuwa yunwa ce mai kisa, ba jin nauyin mai gidan haya ba. A nan babu mai ja a cikinmu, daga ɗan ɗariƙa har ɗan Izala.

Abin da ya fi wuya shi ne wannan: haramcin nan a kan wa ya hau, kuma ina ya tsaya? Bakinmu kaɗai ya kama, ko har da hannunmu da aljihunmu? Ya kai ga hancinmu? Ya ƙetara katanga ya ba mu iko a tsakar gidan wani? Kuma mutumin da yake juya tukunyar can, wanda jiya ya ranta mana kuɗin asibiti, yau me ya zama a wurinmu?

Mu fara da dalilin da ya sa ba ma ci, don daga nan sauran suke fitowa. Mun saba ji ana cewa an haramta alade ne saboda cuta. Gaskiya ne akwai tsutsar ciki da ake ɗauka daga namansa idan bai dahu ba, kuma mugunyar tsutsa ce, tana iya zama sanadin farfaɗiya. Sai dai duk mahaucin da ya daɗe a kwata ya ga likitan dabbobi yana ware naman sa saboda tasa tsutsar, ko ya jefar da huhu saboda tarin fuka, kuma ba mu ce sa ya haramta ba. Idan cuta ce hujjarmu, maƙwabcin da ya bar tukunyarsa tana tafasa awa biyu zai ce mana, Malam, na kashe tsutsar, zo ka ci. Me za mu ce masa? Gaskiyar ita ce ba ma ci don Wanda ya halicce mu ya ce kada mu ci. Ko da za a wanke alade da sabulu kullum, a ba shi dawa zalla, a kawo takardar likita goma, hukuncin yana nan. Ayar An'am ta kira naman ƙazanta, haka ne, mun ji mun karɓa. Amma naman ta kira, ba ta kira maƙwabci ba.

Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, don shi ke nuna irin fuskar da za mu fita da ita. Mutumin da ya bar abu don an umarce shi, kansa a sunkuye yake, ya san ba wayonsa ba ne, a gidan da aka haife shi ya tarar da shiriyar ko kuma Allah ya kawo masa ita daga baya. Mutumin da ya bar abu don ƙyama kawai, hancinsa a sama yake, kuma ƙyama ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Daga tukunya take tsallakawa kan mai tukunya, daga nan kan matarsa da 'ya'yansa da ƙabilarsa gaba ɗaya. Sai ka ji mutum ya tofar da yawu a gaban jama'a, ya ja tsaki, ya ce arna, yana jin ibada ya yi. Ba a rubuta masa lada a kan tofin nan ba. Ladan yana wurin barin ci, kuma ya riga ya samu tun kafin ya buɗe baki.

Malamanmu na Malikiyya ma ba su tafi da ƙyama har inda wasunmu suke kai ta ba. Wanda ya yi karatun zaure ya wuce Iziyya ya san ƙa'idar cewa duk mai rai mai tsarki ne, haka guminsa da yawunsa, kuma a mazhabar ba a cire kare da alade daga ciki ba. Naman ne najasa bayan ran ya fita. Saboda haka aladen da ya ratsa ta gaban rumfarka ya gogi buhu bai najasta buhun ba, sai in ka ga ƙazanta a jikinsa ta shafa. Hayaƙi kuwa an yi saɓani a kansa, amma abin da manyan masu sharhin Mukhtasar suka rinjayar shi ne ba ya najasta tufafi. Wanda ya kwashe shanyarsa don warin bai yi masa ba, ya kyauta wa kansa. Wanda ya yi salla da rigar, sallarsa ta yi. Abin da ake wankewa shi ne romo ko maiƙo idan ya taɓa jiki ko tufa, kuma ruwa ya isa.

To, mai fushi da ya ce a je a yi musu magana fa? A nan akwai abin da ya kamata mu tsaya a kansa, don da yawa ba mu taɓa jin sa ba. A zamanin Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, labari ya zo masa cewa wasu ma'aikatansa suna karɓar giya da aladu daga hannun waɗanda ba Musulmi ba a matsayin haraji, su sayar. Umar ya hana. Amma bai ce a je a karkashe aladun ba. Cewa ya yi a bar masu su su sayar da kayansu da kansu, a karɓi harajin daga kuɗin. Abu Ubaid ya kawo wannan a littafinsa na dukiyoyi. Ka ga hannun Musulmi ya janye daga aladen, aladen kuma ya zauna a hannun mai shi a matsayin dukiyarsa. A kan irin wannan ne mazhabar Imam Malik da ta Imam Abu Hanifa suka ce idan Musulmi ya kashe aladen Kiristan amana, sai ya biya shi ƙimarsa. Shafi'iyya da Hambaliyya ba su wajabta biyan ba, amma su ma ba su ce a je a ta'adda masa ba. A lura, wannan hukunci ne na ƙasar da Musulmi ke da sarki da alƙali da kurkuku, inda da sun ga dama ba mai hana su. A can ma shari'a ta tsaya a ƙofar gidan mutumin. To ina ga mu da muke biyan haya, a garin da kakanninsu suke kwance?

Ba cewa muke yi baƙo ba shi da haƙƙi ba. Idan aladen wani ya shigo ya ɓarnata maka kwandon tumatir, kana da haƙƙin a biya ka, kuma hanyar a buɗe take: mai shi, shugaban layi, Sarkin Hausawa. Idan an kafa murhu daidai tagar ɗakin da jariri yake, ka je tun da dare ka ce, Baba, don Allah a ɗan matsa da wutar can gefe, yaro yana tari. Da wuya a ƙi. Abin da ba mu da shi shi ne haƙƙin aika yara da duwatsu, ko zuba wa dabba guba, ko tsayawa a ƙofar gidan biki ana wa'azin da ba wanda ya nema. Kuma mu da ake yi wa kuka kullum a kan shanu da gonar rogo, mun fi kowa sanin yadda maganar dabba take zama maganar ƙabila cikin yini ɗaya.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mu tuna Babbar Salla a layukan nan. Raguna suna kuka kwana uku kafin ranar, jini yana bin lambatu har ƙofar gidan wanda bai san me ake ciki ba, tumbi a zube, babbakar kai da ƙafa tana turnuƙe unguwa, suya har dare. A cikin maƙwabtanmu akwai wanda warin rago yake tayar masa da zuciya kamar yadda na alade yake tayar mana. Sun rufe taga sun yi shiru, da yamma kuma suka ce mana barka da Salla. Mun aika musu da nama sun karɓa da hannu biyu, mu kuma mun yi daidai da muka aika, don haka Abdullahi ɗan Amru ya yi da aka yanka akuya a gidansa, ya dinga tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude, yana tuna yadda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wasiyya da maƙwabci. Aya ta 36 ta Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa ba ta tambayi abin da ke cikin tukunyarsa ba. Garin nan kuma ba yau ya fara ɗaukar mu ba. A shekarun 1950 magajin garin Inugu na farko Malam Umaru Altine ne, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma ƙuri'ar masu wannan tukunyar ce ta ɗora shi. Dattawanmu sun kuma san abin da ya biyo baya a 1966, ba sai an faɗa ba. Duka biyun gado ne a hannunmu.

Yanzu mu juyo gida, don a nan ne haramcin yake da haƙora. Idan bai ba mu iko a kan maƙwabci ba, ya ba mu aiki a kan kanmu, kuma aikin ya wuce baki. A shekarar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya haramta cinikin alade tare da giya da mushe da gumaka. Jabir ne ya ruwaito, yana cikin Buhari da Muslim. Don haka Musulmi ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya dillanci, ba ya cin la'ada a kai. Wannan a fili yake. Inda ake samun ruɗani shi ne tsakiya, kuma mu 'yan kasuwa a tsakiyar muke zaune.

Mai albasa, alal misali. Mace ta zo da motar haya ta sayi buhu biyu da kwandon attaruhu, kowa ya san biki ne, kuma a bikin za a yanka alade. Wani zai kawo ƙa'idar da Malikiyya suka yi tsanani a kanta, cewa ba a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Ƙa'ida ce ta gaskiya. Amma a ganinmu albasa ba inabi ba ce. Inabin shi ne yake zama giyar, albasa kuwa ba ta zama alade. Buhun nan zai shiga shinkafa, ya shiga miya, ya shiga naman sa da na kaza, wani ɓangare ya shiga waccan tukunyar. Ba a ɗora wa mai sayarwa ya bi kowace albasa ya ga inda ta kwana ba, kuma Annabi ya yi ciniki da Yahudawan Madina har ya rasu sulkensa yana jingine a wurin ɗayansu a kan sha'ir. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba idan an faɗa masa ƙarara cewa don aladen ake saye, yana iya bari don Allah, za a musanya masa. Amma kada ya mai da tsantseninsa sanda ya dinga dukan maƙwabcinsa na rumfa da shi.

Mai suya kuwa maganarsa daban ce, kuma a nan ba za mu sassauta ba. Yanzu ana yayin ɗaukar mai suya a kai shi wurin biki da tukubarsa da yajinsa, ana biya da kyau, wani lokaci kuɗin yini ɗaya ya fi na mako. Ka je da naman sa da ka yanko da kanka, ana cikin aiki sai wani ya zo da faranti ya ce, Aboki, ɗora mana wannan a gefe. A nan hannunka ne a kan naman, wuƙarka ce, wayarka ce, kuma ladan aikin a aljihunka zai kwana. Wannan shi ne taimakon da aya ta 2 ta Ma'ida ta hana. Bayan haka akwai amana. Me ya sa mutum a Inugu ko Anacha ko Aba yake tsayawa wurin Bahaushe da dare ya sayi tsire bai tambayi naman mene ne ba? Don iyayenmu sun shekara da shekaru suna gina wannan yardar, Musulmi da Kirista duk sun san abin da ba ya hawa tukubar Malam. Wanda ya ɗora alade sau ɗaya a wurin biki, gobe ya dawo da wayar nan bakin titi, ba kansa kaɗai ya cuta ba. Ya ciyar da alhajin da ya sauko daga mota abin da bai sani ba, ya kuma sayar da sunan da ba nasa ba ne shi kaɗai. Maganin abin yana wurin ciniki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka kafin ka karɓi kafin alƙalami ka faɗa: Oga, sa da rago da kaza nake gasawa, naman da na yanka ko na ga an yanka, wutata kuma ba a haɗa ta da wani nama. Mafi yawansu za su ce ai mun sani, shi ya sa muka kira ka. Wanda ya ƙi, ka bar masa kuɗinsa tun rana ba ta yi ba.

Haka mahaucin da aka kira ya kayar da sa a gidan jana'iza, aka ce tunda ka zo taimaka mana da wannan ma. Haka direban da ya sauke shanu yana neman lodin komawa, ko yake saukowa ba kaya. Wasu ba su sani ba, aladu da yawa da ake ci a nan daga Arewa suke zuwa. Kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, wadda ke ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin aladu na ƙasar nan, kuma hanyar da shanunmu suke bi ta Lafiya da Makurɗi da Obollo-Afor zuwa Ninth Mile ita suke bi. Don haka wannan tambaya ba ta cikin littafi ba ce, direbobinmu suna haɗuwa da ita a tasha. Aron wuƙa da tukunya ma gara a ce a'a da fara'a, a ba da kujeru da tabarmi da ruwa da wutar janareta, waɗanda ba mai ja a kansu.

Saura gayyata. Mutumin da kuke gaisawa shekara goma uwarsa ta mutu, ya aiko maka da kati. Ƙin zuwa gaba ɗaya, a wurin Ibo, magana ce mai nauyi, kamar yadda za mu ji idan muka yi rashi maƙwabci bai leƙo ba. Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna cewa ai rai ne. Aya ta 8 ta Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa ga wanda bai yaƙe mu ba bai kore mu daga gidajenmu ba, kuma wannan mutumin gidansa ma ya ba mu. To a je. A je da wuri kafin a buɗe kwalabe, don an hana mu zama a teburin da giya ke zagayawa. A gaisa, a yi masa jaje, a ba da gudunmawa, ba a shiga addu'arsu ta coci ko al'adar gargajiya ba. In an kawo goro a karɓa, ai su ma suna da irin wanda suke kira goron Hausa, ga shi sun girmama goro fiye da yadda muke zato. Masu gari da yawa sun riga mu tunanin wannan matsalar: wani ya ware maka lemo da ruwa, wani ya ba ka kaza da ranta ya ce je ka yanka da kanka, wani ya ce Malam ne zai yanka san don kowa ya ci. Wanda ya yi mana haka ya cancanci a gode masa da baki, ba a karɓa kamar bashi ba.

In kuma an miƙo faranti, ko an ƙulla maka abinci a roba? Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi a kan kwanukan Ma'abota Littafi, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya faɗa ƙarara cewa suna dafa alade a tukwanensu. Amsar da aka ba shi ita ce in akwai wasu kwanukan a yi amfani da su, in babu a wanke a ci. Ka ga ba a ce ya ƙaura ba, ba a kuma ce ya rufe ido ba. A wurin biki kuwa cokali ɗaya ne yake yawo tsakanin tukwane, man da aka soya wannan da shi ake soya wancan, don haka barin abincin da ba ka san yadda aka dafa ba shi ne daidai. Yadda za a bari ne abin lura. Wasunmu kan ce na ƙoshi, ko cikina ke ciwo. Ƙarya ce ƙarama amma ba ta da amfani, don gobe za a sake miƙo maka. Wasu kuma su karɓa, su fita, su wurga a lambatu, yaron gidan yana kallo. Wannan ya fi ƙin karɓa ciwo nesa ba kusa ba. Ka dafa ƙirji ka ce, Mama, na gode, Allah ya ba da haƙuri, addinina ne ya hana ni, ba ƙin ki na yi ba, a ba ni lemo in sha. Mutanen nan su ma suna da abin da ba sa ci. Akwai garuruwan da ba a taɓa wata dabba ko wani kifi saboda al'ada, akwai Katolikan da ba ya cin nama ranar Juma'ar azuminsu. Sun san mene ne a ce an hana mutum. Abin da ba sa yafewa shi ne a nuna musu su ne ƙazantar.

Mu kuma tuna da waɗanda muke sahu ɗaya da su yau ɗin nan. A cikinmu akwai Musulmi Ibo, mutanen Ibagwa da Enugu-Ezike da Afikpo da sauransu. Mu maƙwabci ne yake dafawa, su kawu ne, yaya ne, wani ma mahaifi. Mu muna iya gaisawa mu tafi, su a kansu ake raba kuɗin jana'izar, sai sun yi ta fama kafin a yarda kasonsu ya tafi wurin sa ko shinkafa. Duk lokacin da ɗayanmu ya saki baki a harabar masallaci ya yi wa masu cin alade jam'u da zagi, uwar wani ya zaga, kuma wanin yana gefensa yana ɗaura takalmi.

Akwai dattijon da ya ce mana duk wannan sassauci ne, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yau an ce a je a gaisa, gobe yaro ya ɗanɗana. Ba mu raina maganarsa ba, tsoron gaskiya ne. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Ibo kamar Hausa, a makaranta ɗaya suke da yaran gari, ana kiran su bikin ƙarin shekara inda ba ma nan. Amma daidai wannan ne ya sa ƙyama kaɗai ba za ta tsare su ba. Yaron da abin da aka koya masa shi ne alade wari gare shi, masu cinsa ƙazamai ne, ranar da ya ji ƙamshin gashi ya yi masa daɗi, ya kuma ga abokinsa ya fi shi tsabta da ladabi, sai ginin ya rushe gaba ɗaya, don a kan hanci aka yi shi. Wanda aka koya wa cewa ko da daɗi ba ma ci don Allah ya hana, kuma ya ga babansa ya faɗi haka a gaban mutane yana murmushi ba a doke shi ba, ya sami abin da zai riƙe ko a jami'a ko a ƙasar waje. A koya musu su tambayi naman mene ne kafin su kai hannu, har a cikin burodi da abin da ake naɗewa a leda, a kuma koya musu cewa tambayar ba abin kunya ba ce.

Sannan abin da aka faɗa a ɗaki yaro ne yake fitar da shi waje, kuma ba ya zaɓen wuri. Kalmar da uba ya yi da tsaki da safe, ɗansa zai maimaita ta a bakin famfo da yamma, a gaban samarin da suka sha bammi tun hantsi. A Fabrairun 2021 kasuwar Shasha ta Ibadan ta ƙone, aka rasa rayuka, iyalai suka kwana a gidan Sarkin Sasa, kuma mafarin abin cacar baki ce a kan tumatir da ya zube a gaban shago. Iyaye mata, ku ne kuke gida lokacin da hayaƙin yake shigowa, don Allah a rufe taga, a kunna turare, a ja bakin yara.

Akwai tambayar da ba mu kai ƙarshenta ba, ta masu Keke da masu baro, waɗanda ake ɗora wa kula a rufe ba su san abin da ke ciki ba sai a hanya, wani lokacin ma sai an sauke. Liman zai zauna a kanta ranar Lahadi bayan Magariba. Masu tukuba da direbobi da suka riga suka karɓi aikin ƙarshen shekara su zo da tambayoyinsu tun kafin ranar aikin ta zo.

Wassalamu alaikum.